An ba ni Faransanci a jami'a: in karɓa ko in sake JAMB?

Yar_Funtuwa:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Karatun lauya na nema, makina bai kai ba, sai aka ba ni Faransanci. Baba bai hana ni ba, amma ya ce in yi tunani. Shi ma'abocin rediyo ne, ya ji Nijar da Mali da Burkina Faso sun sallami sojojin Faransa, sun kuma fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ya ce to ina amfanin in kashe shekara huɗu a kan harshen da maƙwabta suke juya wa baya? Ni kuma abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Na ga jerin darussan, ashe ba nahawu da koyon magana kaɗai ba ne. Akwai tarihin Faransa, da juyin juya halinsu, da adabinsu, da al'adun ƙasashen da suka mallaka. Me ya haɗa ni da sarakunan Faransa? Kuma iyakar Faransancina na ƙaramar sakandare ne. In karɓa, ko in zauna in sake jarrabawa baɗi?

Abban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Karɓi, ƙanwata. Zaman shekara guda a gida ba shi da tabbas, baɗin ma ba ki san makin da za a yanka ba.

Sadiq_KD:
Ni ban goyi baya ba. Abokina ya gama wannan kwas ɗin, ya yi bautar ƙasa, yau yana koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, albashin bai kai shi ƙarshen wata. Idan lauya take so ta dage a kan lauya. Kada a yi mata daɗin baki.

Malama_Hauwa_Fr:
Sadiq, abin da ka faɗa yana faruwa, ba zan musa ba. Amma ka tambayi abokin naka, zai iya zama a taro ya fassara magana nan take? Nan ne ake rarrabewa. Mun gama da mutanen da suka ci jarrabawa da hadda, takarda ta yi kyau, baki bai buɗe ba. Su ne suka fi shan wahala.

Yar_Funtuwa, ni wannan karatun na yi, yanzu ina koyarwa ina kuma fassarar takardu. Shekarar farko da ta biyu nahawu ne da furuci da shifta da rubutun insha'i, tare da tarihi da adabi kaɗan kaɗan. Shiftar ce ta fi sa mutane kuka. Malam zai karanta sakin layi ɗaya a hankali, ki rubuta, ya dawo miki da takarda jawur da jan biro, domin haruffa da yawa a ƙarshen kalma ana rubuta su ba a furta su, kuma dole ki san kalmar namiji ce ko mace, ɗaya ce ko jam'i. Mu Hausawa muna da sauƙi a wuri guda, harshenmu ma yana bambanta namiji da mace, tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. A aji uku ake tafiya ƙauyen koyon Faransanci na Badagry a jihar Legas, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991. Kafin nan ƙasashen waje ake tura ɗalibai, irin su Togo. A can ake haɗuwa da ɗaliban sauran jami'o'i, kuma abin da ake so shi ne ki kwana ki tashi da harshen. Wanda ya je ya maƙale wa 'yan garinsu yana hirar Hausa, yadda ya je haka zai dawo.

Kuma kada ki tsaya a digiri kawai. Akwai jarrabawar DELF, ta shaidar ƙwarewa a Faransanci, da ake yi a cibiyar koyar da harshen ta Alliance Française, akwai reshenta a Kano. Masu ɗaukar aiki na ƙasa da ƙasa sun san matakinta na B2, suna kuma tambayarsa.

Dan_Konni:
Sallama gare ku. Ni mutumin Birnin Ƙonni ne, bari in gyara zancen Baba kaɗan, cikin girmamawa. Gaskiya ne sojan Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023. Gaskiya ne a Maris ɗin 2025 mun fita daga ƙungiyar Francophonie, wadda a nan Yamai anka aza tubalinta a 1970, zamanin Diori Hamani. Kuma sabon kundin mulki da anka fitar a 2025 ya maida Hausa harshen ƙasa. Wannan ya yi muna daɗi ƙwarai. Amma kundin nan dai ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Je ki ofishin magajin gari neman takardar haihuwa, je ki kotu, je ki jami'ar Abdou Moumouni, da mi ake rubutu? Ba a sake harshen takardun ƙasa cikin dare ɗaya.

Kada a ɗauka son Faransa nike yi. Lokacin da muna lakwal, wato makarantar boko, akwai wani abu da ake ce ma sambol. A ajinmu ƙashin dabba ne anka huda anka sa mai igiya. In Hausa ta suɓuce maka, sai a rataya maka shi ga wuya, kai kuma ka yi ta kasa kunne har ka kama wani yaro ka miƙa mashi. Wanda rana ta faɗi shina wuyanshi, shi malamin aji ka hukuntawa. Yara sunka koma 'yan leƙen asirin juna a kan harshen uwayensu. Har yau in na tuna raina ɓaci yakai. Amma dai ɗiyata tana lise, wato babbar sakandare, kuma ba ni barin ta yi wasa da Faransanci.

Talaka_Bawan_Allah:
Allah Ya saka, Dan_Konni, ka faɗi rabi ka bar rabi. Mutanen da suka ƙone garinku a 1899, suka cika rijiyoyi da gawarwaki, su ne za a ce yarinya ta zauna ta haddace sarakunansu da mawaƙansu? Har yau maƙwabtanmu da sefa suke ciniki, kuɗin da aka ƙirƙira a 1945 zamanin mulkin mallaka. Wannan karatun ci gaban mulkin mallaka ne ta hanyar ƙwaƙwalwa. Ta karanta abin da zai amfani jama'arta.

Abban_Khalifa:
To da wane harshe za ta karanta lauyan? Ba na waɗanda suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba ne?

Dan_Konni:
Talaka, ba ka fi ni jin zafin wanga abu ba, garin kakannina ne. Tun muna ƙanana tsohuwarmu take ba mu labarin ranar da Nasara sunka shigo, yadda mutane sunka watsu daji. Amma ba ta san sunansu ba, ba ta san wa ya aiko su ba. Sai da na yi karatu na san hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ne, na san sun biyo ta Lugu inda Sarauniya ta tare su a watan Afrilu, sunka faɗa ma Ƙonni a watan Mayu. Na san labarin ta'asarsu ya kai Paris har anka aiko Kanar Klobb shi tsai da su, sunka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwana kaɗan bayan nan sojojinsu baƙaƙe sunka kashe su su biyun. Kaburburansu na nan Maijirgi kusa da Tasawa. Da wane harshe kake jin na karanta duk wanga? In za mu tuhume su, da takardunsu za mu kama su.

Dalibin_Tarihi:
Wannan shi ne abin da nake ta so wani ya faɗa. Ni tarihi na karanta, ba Faransanci ba, kuma rashinsa ya tsaya mini a maƙogwaro lokacin digiri na biyu. Bincikena a kan Katsinawan da suka koma Maraɗi ne bayan jihadi. Daga ɓangarenmu akwai takardun Larabci da na Ingilishi a Kaduna. Da na tsallaka iyaka sai komai ya koma Faransanci. Na zauna a Yamai da rahoton wani kwamandan gunduma a gabana, takarda ta yi ja don tsufa, an jera sunayen ƙauyuka da adadin masu biyan haraji da shanu da buhunan gero. Ina gane sunayen garuruwan, har da waɗanda nake da dangi, amma abin da Baturen ya rubuta a kansu ya gagare ni. Sai da na biya wani ɗalibi yana karanta mini ina rubutawa.

Ku duba fa. Ƙasar Hausa guda ce Ingila da Faransa suka tsaga, tun layin da suka ja daga Say zuwa Barruwa a 1890, suka yi ta gyara shi har yarjejeniyar 1906. Gobir ta rabu, Katsina ta rabu, Daura ta rabu. Abin da aka rubuta a kan Damagaram da Adar da Arewa da Abzin, yawancinsa da Faransanci ne. André Salifou da ya yi aiki a kan Damagaram, da Djibo Hamani da ya yi a kan Adar da Abzin, 'yan ƙasa ne, amma da Faransanci suka rubuta. Ɗalibanmu na Najeriya kaɗan ne suke iya karanta su, su ma na can ba duka ke karanta namu ba. Manyan rumbunan takardun kuma suna Dakar da Aix-en-Provence ta Faransa. Bahaushiya mai Hausa da Ingilishi da Faransanci, in ta ƙara da ɗan Larabci, tana iya haɗa tarihin da ya fi shekara ɗari a rabe. Ban san wani fannin da muke da gibi irin wannan ba.

Sadiq_KD:
Malam Dalibin Tarihi, duk na ji. Amma tarihi ba ya biyan kuɗin haya. Maganar abinci nake yi.

Alhaji_Dawanau:
Ɗana Sadiq, bari mai kasuwa ya ba ka amsa. Ina kai kaya Maraɗi ta Jibiya, ina sauke kaya daga Kwatano da Lome. A cikin kasuwar Maraɗi Hausa ta ishe ka, har ka manta ka bar gida. Amma da zarar an zo takarda, ta kwastan ce, ta banki ce, ta yarjejeniya ce, sai ka zama makaho. Na taɓa sa hannu a takardar da ban san abin da ke cikinta ba, na yi asarar da har yanzu ba na son tunawa. Tun daga nan ba na tafiya sai da yaro mai jin harshen, kuma ina biyansa da kyau. Abin takaici, duk wanda na samu ba ɗan gida ba ne. Da 'ya'yanmu za su iya, da ba mu nemi na waje ba.

Bash_Tech:
Alhaji, yanzu ai waya tana fassara. Ka ɗauki hoton takardar kawai.

Alhaji_Dawanau:
Ina amfani da ita, tana taimako. Amma waya ba ta tsayawa gaban jami'i ta yi maka bayani, kuma ba zan ɗora dukiyata a kan abin da ba wanda zai ɗauki alhakinsa in ya yi kuskure.

Maman_Ikram:
Ni a matsayina na uwa, tarbiyya ce damuwata. Ƙasar da ta hana 'yan mata sa hijabi a makaranta, ita ce za a koya wa 'yarmu al'adunta? Kuma a tura ta Legas ita kaɗai? Ku yi mini bayani, ba gardama nake ba.

Malama_Hauwa_Fr:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take, mahaifiyata ma ta yi ta. Dokar da kike nufi ta 2004 ce, ta hana alamomin addini na fili a makarantun gwamnati na firamare da sakandare a Faransa. A aji mun karanta asalinta, tun rikicin gwamnati da cocin Katolika har dokar 1905 da ta raba addini da hukuma. Mun yi muhawara mai zafi a kai, da hijabina na tashi na faɗi abin da nake gani na rashin adalci a cikinta, da Faransanci, malamin kuma ya ba ni maki mai kyau don na kafa hujja. Sanin yadda mutum yake tunani ba bin sa ba ne. Sannan ki tuna Senegal da Mali da Gini da Nijar da Maroko da Aljeriya, ƙasashen Musulmi ne, kuma adabinsu da tarihinsu yana cikin abin da ake karantawa. Batun Badagry kuwa, tare da 'yan ajinsu za su tafi, ba ita kaɗai ba.

Bappa_Garwa:
Gaisuwa daga Kamaru. Ina so ku daina haɗa Faransanci da Faransa kamar abu ɗaya ne. Ƙididdigar 2022 ta ce masu jin harshen sun kai miliyan 321 a duniya, kuma mafi yawan masu amfani da shi yau da kullum a Afirka suke. Kinshasa kaɗai ta ishi misali. Ni ban taɓa taka Faransa ba. Da harshen nake magana da mutumin Duwala da na Njamena da na Bangi. Ku a Najeriya ku dubi taswira: Binin, Nijar, Chadi, Kamaru, duk wanda kuka haɗa iyakar ƙasa da shi yana aiki da Faransanci. Hedikwatar hukumar tafkin Chadi tana Njamena, ta ECOWAS tana Abuja, duk ana neman masu harshe biyu.

Ibro_Gusau:
Ai ma Faransanci harshen hukuma ne na biyu a Najeriya, tun zamanin Babangida.

Malama_Hauwa_Fr:
Abacha ne ya yi wannan sanarwar, a 1996. Daga baya aka sa shi cikin manufar ilimi ta ƙasa. Amma a aikace makarantun gwamnati da yawa a Arewa ba su da malamin Faransanci ko ɗaya, shi ya sa irin su Yar_Funtuwa suke isa jami'a da gaisuwa kawai.

Talaka_Bawan_Allah:
In harshen waje ake so, ga Larabci, ga Sinanci. Su ne gobe.

Ibro_Gusau:
Larabci ma yana da ƙauyensa a Ngala ta jihar Barno, irin na Badagry. Amma jami'o'i nawa ne suke da Sinanci a Arewa?

Admin_Zaure:
Jama'a mu dawo kan tambayar. Yarinya ta tambayi abin da ya haɗa ta da sarakunan Faransa, har yanzu ba wanda ya amsa wannan kai tsaye.

Tsohon_Lakcara:
Bari in gwada, tunda darasin nan na koyar kafin in yi ritaya. 'Yata, ba don ki so su ake koya miki ba. Ana koya miki ne don ki gane wata tufka da warwara da ta shafi kakanninki. A 1789 Faransawa suka tashi, suka rubuta cewa an haifi mutane da 'yanci, daidai suke a gaban doka, bayan 'yan shekaru suka fille kan sarkinsu. Bayin da ke noman rake a ƙasar da yau ake kira Haiti suka ji, suka ce to har da mu. Suka yi tawaye a 1791, Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802, Haiti ta ƙwaci kanta a 1804. A 1825 aka tilasta mata biyan diyyar faran miliyan 150 ga waɗanda suka bautar da ita. Ƙasar da ta rubuta waccan magana mai kyau ita ce ta kafa wa mutanen da ta mallaka a Afirka doka ta daban, inda kwamanda zai ɗaure mutum ba shari'a, ita ce ta yi aikin tilas har 1946. Ita ce sojojinta suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka yi mata yaƙi, a Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamban 1944, don sun nemi haƙƙinsu.

In ba ki san 1789 ba, ba za ki gane abin da marubuta baƙar fata Césaire da Senghor da Damas suke yi ba a Paris a shekarun 1930, lokacin da suka ɗauki harshen mai mulki suka kare mutuncin baƙar fata da shi. Ba za ki gane ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 a kan ci gaba da zama tare da Faransa ba, da Sékou Touré ya ja Gini ta ce a'a, Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka nemi Nijar ma ta ce a'a, abin bai yiwu ba, ya rasa mulki. Yau babban titin Yamai da a da yake ɗauke da sunan tsohon shugaban Faransa de Gaulle an mayar da shi sunan Djibo Bakary. Labaran da mahaifinki yake ji a rediyo, wannan darasin ne yake ba ki asalinsu.

Abin da Dan_Konni ya ce na sambol, su ma yaran Faransa masu harsunan yankuna, irin na yankin Bretagne da ke cikin Faransa, an yi musu haka a makarantunsu. Wannan ba ya wanke kowa, amma yana nuna miki yadda hukumarsu take kallon harshe tun asali.

Inda nake tare da Talaka shi ne manhaja. A inda na koyar, mukan ɓata zango guda a kan marubutan ƙarni na 17, ɗalibi ya fita bai san an ci Damagaram a 1899 ba, bai san ita ce hedikwatar mulkin mallaka kafin a koma Yamai a 1926 ba, bai ji labarin Kaosan, jagoran Abzinawan da suka yi wa Faransa tawaye, da yaƙin Agadas na 1916 ba. Na yi ta faɗa a taron sashe. Ya kamata a gyara, kuma masu gyaran sai sun fito daga cikinku.

Talaka_Bawan_Allah:
Allah Ya gafarta Malam, na ƙaru. Amma kai ma ka yarda manhajar ta karkata. Har a gyara ta, ni ina nan a kan bakana.

Yar_Funtuwa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Baba abin da Baba Dan_Konni da Alhaji suka rubuta. Ya yi shiru, sannan ya ce kakarsa ta wajen uwa daga Tasawa aka auro ta, ban taɓa sani ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce in yi istihara. Zuciyata har yanzu tana wurin lauya. Anti Hauwa, mai farawa daga tushe irina zai iya kamo waɗanda suka taso da shi? Kuma in na gama, ƙofar lauya ta rufe ke nan?

Malama_Hauwa_Fr:
Za ki iya, amma shekarar farko za ta yi miki nauyi, domin za ki tarar da waɗanda suka yi makaranta a Nijar ko Kamaru ko Binin, su magana ba ta ba su wuya. Ki manne musu, kada ki ji kunyar kuskure a gabansu. Da yawansu a rubutu kuke haɗuwa. Tun yanzu ki fara sauraron labarai da Faransanci kullum, ko ba kya ganewa, bayan kin ji na Hausa, sai kunnenki ya riƙa kama sunaye da lambobi. Batun lauya, akwai masu digiri da suke komawa su karanta shi ta hanyar shiga kai tsaye. Ki je ofishin ɗaukar ɗalibai ki tambayi sharuɗɗansu da bakinki.

Sadiq_KD:
Wannan ƙarin shekaru ne da ƙarin kuɗi, a gaya mata gaskiya. Ni da ƙanwata ce, zan ce ta karɓa don kada ta zauna, amma ta sake sayen fom ɗin JAMB a gefe.

Abban_Khalifa:
Raba hankali biyu a shekarar da Malama ta ce ita ce mafi nauyi? Ban ga dabara a nan ba.

Maman_Ikram:
Malama Hauwa, ban gama da ke ba. Wata nawa ake yi a Badagry ɗin, kuma iyaye ne ke biyan kuɗin zaman ko yana cikin kuɗin makaranta? Ina da mai shiga aji uku na babbar sakandare da ta fara irin wannan maganar.